An yi mini aiki, an hana ni sanin abin da ke cikin foldata

Assalamu alaikum Anti. Shekaruna 29, ina da 'ya ɗaya. Shekara biyu da suka wuce na yi doguwar naƙuda a cikina na biyu, ƙafafuna sun kumbura, ga ciwon kai kamar zai tsage. Aka kai ni asibitin gwamnati na garinmu, cikin dare aka yi mini aiki, aka ƙara mini jini leda biyu. Yaron bai zo da rai ba. Har aka sallame ni babu wanda ya zaunar da ni ya gaya mini abin da ya faru. Maigidana ne ya sa hannu, shi ma "a yi haƙuri" kawai aka ce masa. Yanzu an yi masa canjin wurin aiki zuwa Kaduna, kuma ina da ciki wata uku. Likitar da nake awo a wurinta ta tambaye ni dalilin aikin, da irin yankan da aka yi wa mahaifa, da ko na yi jijjiga. Ko ɗaya ban iya amsawa ba. Da na je gida ganin iyayena sai na leƙa asibitin. A ɗakin kati aka ce folda kayan asibiti ce, ba ta fita. Wata nas ta ce, "Ƙara kike so ki kai mu?" Wani kuma ya ce tunda mijina ne ya sa hannu, sai dai shi ya zo. Maigidana ya ce in bar maganar, surukata ta ce tone-tone ne da rashin tawakkali. Anti, ina da haƙƙin ganin abin da aka rubuta a kaina? In ina da shi, ta ina zan bi?

Wata baiwar Allah, daga Kaduna

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya sa yaron mai ceto ne, Ya ba ku haƙurin rashinsa, wannan kuma Ya raba ku lafiya.

Kina da haƙƙi, kuma in an ba ki ba alfarma aka yi miki ba. Sai dai akwai abu biyu da aka cakuɗa miki a bakin tagar nan, kuma a daidai wurin ne mutane da yawa ke yin zuciya su koma gida hannu rabbana. Wanda ya ce folda ba ta fita gaskiya ya faɗa. Asibiti doka ta ɗora wa nauyin buɗe ta da adana ta, kuma da za a riƙa miƙa wa kowa tasa ya tafi da ita gida, ranar da aka kawo mutum ranga-ranga ba za a sami abin dubawa ba. Laifinsa shi ne da ya tsaya a nan. Kwalin da takardun na asibiti ne, amma abin da ke rubuce a kansu labarin jikinki ne: jininki aka auna, cikinki aka buɗe. Kamata ya yi ya ce miki, "Foldar ba za ta fita ba, amma ana ba da kwafi da rahoton likita, ga ofishin da za ki kai takarda." Da ya faɗi haka da ba ki kwana da wannan zullumin ba.

Ga abin da za ki dogara da shi, kuma ki riƙe shi da kyau, don sau da yawa da zarar an ji mutum ya ambaci doka sai murya ta sassauta. A ranar 31 ga Yulin 2018, mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin majiyyaci guda 12, wanda hukumar kare masu sayen kaya, wadda yanzu ake kira FCCPC, ta shirya tare da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya. A cikinsu akwai haƙƙin a yi wa mutum bayanin ciwonsa da harshen da yake ji, da haƙƙin samun cikakkun bayanan lafiyarsa a kan lokaci. Kafin nan akwai Dokar Lafiya ta Ƙasa da shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2014. Sashe na 23 ya wajabta wa ma'aikacin lafiya ya sanar da majiyyaci halin da yake ciki, da hanyoyin maganin da ake da su, da amfani da haɗarin kowace. Wannan shi ne zaman da ba a yi da ke ba kafin a sallame ki, bashi ne kike bi. Sashe na 25 ya ce dole shugaban asibiti ya tabbatar an buɗe wa kowane majiyyaci rekod, kuma yana nan a asibitin. Ta baya-bayan nan ita ce Dokar Kare Bayanan Jama'a da shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023. Ita ce ta fi fitowa fili: sashe na 34 ya ba mutum damar neman kwafin bayanan da wata hukuma ko kamfani ke riƙe da su a kansa, ba tare da jan rai ba, kuma dokar ta shafi na kwamfuta da na takarda baki ɗaya. Ta yarda a ɗora wa mai nema kuɗin kwafin in ɗawainiyar ta yi yawa, don haka in an ce ki biya, ba zalunci ba ne muddin akwai rasit.

Maganar "sai mijinki ya zo" kuwa, a juye aka gaya miki ita. Maigidanki ya sa hannu a daren nan ne saboda kina cikin halin da ba za ki iya ba, kuma Allah Ya saka masa da alheri. Sa hannun bai mayar da foldar tasa ba. Sashe na 26 na dokar 2014 ya ce bayanan majiyyaci sirri ne, ba a bayyana su sai da izininsa a rubuce, ko umarnin kotu, ko wasu 'yan dalilai da dokar ta lissafa, irin su ƙaramin yaro ko wanda ba ya cikin hayyacinsa. Ke baliga ce mai hankali. A idon doka, shi ne yake buƙatar takardarki kafin a ba shi, ba ke kike buƙatar tasa ba. Ban faɗi wannan don ki je ki kafa masa hujja a gida ba, zan zo kan maganarsa. Na faɗa ne don kada wani ya sake sallamar ki da wannan zancen.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a wasiƙarki, wato lokaci. Tambayoyi ukun da likitarki ta yi ba na cike fom ba ne. Kowace ɗaya tana iya canza yadda za a kula da wannan cikin.

Ɗauki maganar yanka. Tabon da kike gani a mararki na fata ne kawai. Na mahaifa yana ciki, kuma ba dole su zo iri ɗaya ba. Ana iya yanka fata a kwance a yanka mahaifa a tsaye, musamman in jariri ya kwanta a gicciye ko cikin bai isa haihuwa ba. Yawancin aikin da ake yi yanzu a ƙasan mahaifa ake yankawa, a kwance, kuma wannan tabon ya fi jure naƙuda. Macen da aka yi wa irinsa sau ɗaya, in sauran abubuwa sun daidaita, ana iya barin ta ta gwada haihuwa da kanta a asibiti. Alƙaluman kwalejin likitocin mata ta Birtaniya sun nuna kusan uku cikin huɗu suna haihuwa ba tare da an sake aiki ba, kuma haɗarin tabon ya yage kusan 1 cikin 200 ne. In kuwa a tsaye aka yanka saman mahaifa, to ba a barin naƙuda ta kama, rana ake sawa a yi aiki kafin lokacin. Haka in yankan ya zarce yayin ciro jariri, ko mahaifar ta riga ta tsage kafin a buɗe, lissafin likita zai canza. Sikanin ba ya bayyana wannan da tabbaci. Abin da ya san shi shafi ɗaya ne, takardar da likitan ya cike bayan ya fito daga tiyata.

Bari in siffanta miki ita don ki gane ta in kin gan ta. A sama akwai sunanki da lambar katinki, da kwanan wata, da sunan likitan da ya yi aikin da mataimakinsa da wanda ya ba da allurar barci ko ta baya. Sai layin da ke faɗar dalilin aikin. Sai abin da aka tarar da aka buɗe: yadda jariri ya kwanta, launin ruwan, ko mabiyiya ta riga ta saki, halin da mahaifa take ciki. Sai irin yankan, wani lokaci da haruffa huɗu kacal, LSCS, wato na ƙasa. Sai yawan jinin da ya zuba, da umarnin da aka bar wa nas-nas. Rubutun yakan zo a gaggauce, da biro, da tsakar dare, ke ba za ki iya karanta rabinsa ba. Likitarki za ta karanta shi cikin minti biyu, ta sami amsar da kika yi shekara biyu kina nema.

Kumburin ƙafa da ciwon kan da kika ambata kuma suna iya zama alamar hawan jinin masu ciki, wanda in ya tsananta yake kai wa ga jijjiga. Likita ce za ta tabbatar, kuma abin da za ta duba yana cikin foldar: awon hawan jininki na daren, gwajin fitsari, da ko an yi miki allurar hana jijjiga. Macen da ta taɓa yinsa yana iya dawo mata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ba irin waɗannan mata ƙaramin asfirin, miligiram 75 a kullum, a fara kafin ciki ya kai mako 20. Ke kina wajen mako 12 ko 13. Kin ga ke nan akwai ƙofar da ke rufewa. Kada ki je kemis ki saya da kanki, kuma kada ki jira folda kafin ki yi magana. A awonki na gaba, ko ma kafin ranar, ki zayyana wa likitarki duk abin da kika tuna, kumburin, ciwon kan, ko idonki ya riƙa ganin dishi-dishi, leda biyun jinin. Mahaifiyarki ko duk wadda ta yi jinyarki ki tambaye ta ko ta ga kin sandare ko kin ciji harshe. Da wannan kaɗai likita za ta iya yanke wasu shawarwari tun kafin takarda ta iso.

Rukunin jini abu ne mai sauƙi, a Kaduna ma za a sake auna shi. In ya fito nagetif ne za a so sanin ko an yi miki allurar Anti-D, wadda ke hana jinin uwa cutar da jaririn gaba, cikin awa 72 bayan haihuwar, kuma wannan sai a takardar magungunan da aka ba ki.

To, ta ina za ki bi? Kada ki sake komawa taga da fatar baki. Wanda ke zaune a ɗakin kati ba shi da ikon ba ki komai ko da yana so, aikinsa ya ciro folda ya aika ɗakin likita. Takarda za ki rubuta zuwa ga shugaban asibitin, ta hannun shugaban sashen adana bayanan marasa lafiya. Da Turanci aka saba karɓa, in kina buƙatar mai taya ki rubutawa ki nema, amma ke za ki sa hannu. Ki sa sunanki yadda yake a katin, domin mata da yawa an buɗe musu kati da sunan miji alhali katin ɗan ƙasarsu na ɗauke da sunan mahaifi, kuma wannan kaɗai yana iya jawo a ce ba a gan ki ba. In haka ne, ki rubuta duka biyun. Ki sa lambar katin, da ranar da aka kwantar da ke da ranar sallama, da ɗakin da kika kwanta, da lambar wayarki. In katin ya ɓata, ki duba tsofaffin rasit, ko takardar gwaji, ko ledar magani, lambar takan fito a jikinsu.

Sannan ki faɗi abin da kike so da sunansa. In kika ce "ina son bayanaina" kawai, za a ba ki rahoton likita, shafi ɗaya, wanda sau da yawa wani likita ne daban da bai san ki ba zai taƙaita daga foldar. Zai iya rubuta cewa an yi miki aikin gaggawa a rana kaza, an sallame ki lafiya, ya buga hatimi, irin yankan kuma bai ambata ba. Don haka ki nemi rahoton, sannan ki nemi kwafin takardar tiyata, da takardar bibiyar naƙuda inda ake rubuta bugun zuciyar jariri da buɗewar mahaifa, da sakamakon gwaje-gwaje, da bayanin ƙarin jini, da takardar magunguna, da takardar sallama. Ki rubuta dalili a layi ɗaya: domin ci gaba da kulawa a cikin da kike ɗauke da shi yanzu. Ki ambaci watannin cikin, don a san abin ba na jira ba ne.

Abin da zai fi komai buɗe miki ƙofa shi ne wasiƙar likitarki. Ki roƙe ta ta rubuta a takardar asibitinsu, da hatimi, ta jera tambayoyinta ɗaya bayan ɗaya. Sashe na 27 na dokar 2014 ya yarda ma'aikacin lafiya ya ba wani ma'aikacin lafiya bayanan majiyyaci in don amfanin majiyyacin ne. Likita in ya ga wasiƙar abokin aikinsa ya san abin da ake nema, hankalinsa kuma ya kwanta cewa ba rigima ce ta taso ba. Ki haɗa da kwafin katin ɗan ƙasa da na katin asibiti. Ki yi kwafi biyu na komai, a buga wa naki hatimin "an karɓa" da kwanan wata. Wannan hatimin shi ne shaidarki in an fara kai-komo. Kuɗi kuma a wurin biyan kuɗi na asibitin, da rasit, ba a hannun kowa ba. Kafin a fito a tambayi ranar da za a dawo, da ofishin da za a tarar da amsa.

Ba sai kin hau mota da ciki ba. Ki rubuta takardar wakilci ga wanda kika amince da shi a gida, yayanki ko ƙanwarki, da sunansa da lambar katinsa, ki ce kin yarda a damƙa masa a rufaffiyar ambulan. Ki zaɓi mai haƙuri da iya magana, wanda zai gaida mutane ya zauna ya jira, ba mai saurin hawa ba.

Za a sami wanda zai ce miki akwai hanya mafi sauƙi, a ba wani masinja na goro ya fito da foldar a ɗauki hotonta da waya. Kada ki yarda. Sashe na 29 na dokar 2014 ya haramta kwafar rekod ba da izini ba, kamar yadda ya haramta sauya shi ko lalata shi, kuma hukuncin ya kai ɗaurin shekara biyu ko tarar Naira 250,000, ko duka biyun. Za ki jefa bawan Allah cikin matsala a kan abin da yake halalinki. Ga shi hoton da ba hatimi ba sa hannu ba shi da nauyin kwafin da asibiti ya tabbatar. Ki lura kuma, wannan sashen kariya ne gare ki: duk wanda ya yi tunanin cire shafi ko gyara rubutu saboda kin nema, shi dokar za ta hau.

In mako biyu suka wuce shiru, a kai takardar tuni, a manna kwafin ta farko mai hatimi. In har yanzu shiru, a nemi ganin shugaban asibitin ko sakatarensa, yawanci a nan maganar take ƙarewa. Asibitocin tarayya suna da teburin SERVICOM, wanda aka kafa tun 2004 don koke-koken jama'a. In na jiha ne, akwai hukumar kula da asibitocin jihar, kuma sashe na 30 na dokar 2014 ya ba kowa damar kai koke a bincika. Sama da nan akwai Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a mai ofis a kowace jiha, ba ta karɓar ko kwabo, da FCCPC, da hukumar kare bayanai ta NDPC. Ki bi su daga ƙasa zuwa sama. Buƙatarki takarda ce kafin ciki ya tsufa, kuma wanda ya fara da barazanar lauya sau da yawa sai a miƙa maganarsa ga sashen shari'a, ta kwanta a can.

Akwai yiwuwar a ce an nemi foldar an rasa. Yana faruwa, ɗakin kati a asibitocinmu da yawa ya cika har rufi, ga ɗigar ruwa, ga gara, ga ma'aikata kaɗan. In an faɗi haka, maganar ba ta mutu ba. Ɗakin tiyata yana da babban rajista na kansa, ɗakin haihuwa yana da nasa, wurin ajiyar jini ma haka. A cikinsu akan sami ranar aikin, da dalilinsa, da sunan likitan. Ki nemi a ciro abin da ke ciki a rubuta miki, kuma a ba ki takarda cewa foldar ta ɓata. In an san likitan, likitarki tana iya tuntuɓarsa. In duk an rasa, za ta ɗauki tabon a matsayin wanda ba a san irinsa ba, ta tsara haihuwar da taka-tsantsan. Ko an samu ko ba a samu ba, abu ɗaya ba ya canzawa: wannan haihuwar ba ta gida ba ce, ba ta ƙaramin asibitin unguwa ba ce. Sai inda akwai ɗakin tiyata da jini da likita dare da rana. Kuma kada ki bari kowa ya ba ki maganin naƙuda, na gargajiya ko na kemis.

Maganar nas ɗin nan ta ɓata mini rai, ba zan ɓoye ba. Macen da ta rasa ɗa ta dawo tana tambayar abin da ya faru, a tare ta da "ƙara za ki kai mu", wannan rashin tausayi ne, kuma irinsa ne yake sa mata su guji asibiti su haihu a gida. Na san ma'aikatan lafiyarmu suna aiki cikin matsi, mutum ɗaya a kan gadaje da yawa, kuma tsoron a ɗora musu laifi ya sa wasu suna ɗaukar kowace tambaya a matsayin tuhuma. Wannan bai wanke ta ba. In an sake yi miki tambayar, amsarki gajera ce: "Likitata ce take buƙata, ga wasiƙarta." Ba dole ki rantse wa kowa cewa ba za ki kai ƙara ba, doka ba ta sa wannan sharaɗi ba. In bayan an karanta likita ta ga akwai sakaci, kuma zuciyarki ta ga a bi kadi, akwai majalisar likitoci ta MDCN da majalisar nas-nas da unguwarzoma. Wannan shawara ce ta wata rana, bayan kin sauka.

Maigidanki kuma, ina ganin ba ƙin ki yake yi ba. Shi ne ya tsaya a bakin ɗakin tiyata a daren nan, shi ya sa hannu, shi ya ɗauki yaron ya kai makwanci kina kwance ba ki sani ba. Maza da yawa haka suke rufe irin wannan ciwon, su ce a bar maganar. Kada ki tunkare shi da sashe kaza na doka. Ki ce masa likita tana son ganinsa, ku je awo tare, ta gaya masa da bakinta abin da ya sa take neman takardar. In ya ji cewa maganar ta rayuwarki ce da ta abin da ke cikinki, ina kyautata zaton shi zai fara neman lambar katin. In kuma ya ƙi, takardarki da sa hannunki sun isa, wakilinki ya kai.

Hajiya surukarki ki ba ta girmanta, kada ki yi musu da ita. Amma ke a zuciyarki ki sani, tambayar abin da ya faru ba jayayya da ƙaddara ba ce. Kin karɓi rashin yaron, kin yi haƙuri shekara biyu, ba ki ce wani ne ya kashe shi ba. Abin da kike yi yanzu neman magani ne, kuma addini ya umarce mu da shi. Ita kanta in jikinta ya motsa aka canza mata likita, da ledar magungunanta take zuwa don a ga abin da aka ba ta a baya. In ta sake tayar da maganar, ki ce, "Hajiya, likita ce ta ce a kawo, don a kiyaye wannan." Da wuya kaka ta ƙi abin da zai kiyaye jikanta.

Ranar da ambulan ɗin ta iso, ina roƙonki kada ki buɗe ta ke kaɗai cikin dare. A ciki akwai lokacin da aka daina jin bugun zuciyar yaron, da nauyinsa, a rubuce da lambobi, babu ta'aziyya. Kina iya cin karo da kalmomi kamar "ta zo a makare", ki ɗauka laifi ake ɗora miki, alhali haka suke rubuta lokacin isowa. Ki kai wa likitarki, ki ce ta ba ki lokaci ta bi shi da ke layi-layi, da Hausa, ki tambayi duk abin da ba ki gane ba, ko sau nawa ne. Ki je da maigidanki in zai iya, ko 'yar uwa. In kin ga kuskure ƙarara, kamar shekaru ko rukunin jini ko yawan haihuwa, dokar 2023 ta ba ki damar neman a gyara. Ra'ayin likita na daren ba a goge shi, amma ana iya ƙara bayani a gefensa.

Ki yi kwafi ki ba likita, ki riƙe na asali a leda mai zif tare da katin awonki, ki ɗauki hotonsu a waya. Duk inda za ki je da wannan cikin, ko biki ne a gida, ledar ta bi ki. In kin ji matsanancin ciwon kai, ko gani ya dushe, ko ciwo a kan tabon, ko jini ya ɓalle, ko motsin jariri ya ragu in ya fara motsi, asibiti kai tsaye, kada a jira gari ya waye. A wannan karon kuma, ranar sallama, kafin ki ɗaura ɗankwali ki ce a ba ki takardar sallama mai ɗauke da yadda haihuwar ta kasance, da duk abin da aka yi miki, da magungunan da aka ba ki, kuma likita ya zauna ya karanta miki ita.